Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: Ƙofar da Ba Ta Jikin Ganuwa

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare

A makon jiya malaminmu ya tambayi ajinmu: “Wa ya taɓa ganin teku a cikinku?” Babu wanda ya ɗaga hannu. Sai ya sake tambaya: “To wa ya taɓa shiga jirgin ƙasa?” Nan ma 'yan kaɗan ne suka motsa. Sai ya yi murmushi ya ce gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar Karaye da Rogo ta fi mu yawo, domin ta shiga jirgin ƙasa, ta je bakin teku, har ta tsallaka Ingila.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na yi tambaya a gida, na yi a makaranta, na kuma duba abin da na samu na tarihi. Abin da na gane shi ne, birnin Kano yana da ƙofofi a jikin ganuwa irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Kabuga, amma akwai wata ƙofa da ba ta jikin ganuwa, kuma ita ce ta fi sauya rayuwar Kanawa a shekaru ɗari da suka wuce. Wannan ƙofa ita ce tashar jirgin ƙasa. Ta nan ne Kano, wadda ke nesa da ruwan gishiri, ta samu hanyar zuwa teku.

Kafin jirgi ya zo

Kano tsohuwar cibiyar ciniki ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi. A wancan lokaci fuskar Kano arewa take kallo. Ayarin raƙuma yakan tashi da fatu da jima da tufafin da aka rina a marina, ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa hamada har Tarabulus. Tafiyar takan ci watanni. Wasu fataken kuma Gwanja suke nufa da jakuna da takarkarai, su sayo goro. Su ma sai su yi watanni ba su ga gida ba.

Ku lura da abu guda a nan. Raƙumi da jaki ba sa ɗaukar kaya mai yawa, ga ci ga sha a hanya, ga kuɗin fito, ga tsoron 'yan fashi. Saboda haka sai kaya mai tsada marar nauyi ake kaiwa nesa. Babu falken da zai ɗora buhunan gyaɗa a kan raƙumi ya ce zai kai Tarabulus, domin kuɗin tafiyar ya ninka kuɗin gyaɗar. Gyaɗa a lokacin abar ci ce a gida, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a yi kunu.

Yadda dogo ya iso Kano

Turawan Ingila sun ci Kano da yaƙi a 1903. Kafin nan sun riga sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas, wadda tsofaffinmu ke kira Ikko, kuma layin ya isa Ibadan a 1901. Sai dai a lokacin Arewa da Kudu gwamnati biyu ce, ba a haɗe su ba sai a 1914. Turawan da ke mulkin Arewa suna son tasu hanyar zuwa teku. Sai suka zaɓi wani gari mai suna Baro a bakin Kogin Neja, a Jihar Neja ta yanzu. Dabarar ita ce jirgin ƙasa ya kwaso kaya daga Kano zuwa Baro, daga nan jirgin ruwa ya bi kogi da su har teku.

A 1907 aka amince da aikin, kuma a shekarar ne aka turo Percy Girouard ya shugabanci Arewa. Shi injiniyan layin dogo ne, ya taɓa yin irin wannan aiki a Sudan. Layin ya tashi daga Baro ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, tsawon sama da mil 350. Ya iso Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1912. A daidai wannan lokaci layin Legas ya tsallako ta Ilori da Jebba da Zungeru, ya haɗu da na Baro a Minna. Da farko a Jebba jirgin fito ne yake tsallakar da taragai a kan kogi, sai bayan 'yan shekaru aka gama gada.

Da layin Legas ya haɗu, sai Baro ta fara komawa baya. Dalili kuwa, kogi yana ja da rani, manyan jiragen ruwa ba sa iya zuwa kowane lokaci, amma dogo babu ruwansa da rani ko damina. Daga tashar Kano zuwa tashar Iddo da ke bakin ruwa a Legas kimanin kilomita 1,126 ne. Tafiyar da ake lissafawa da watanni sai ta koma ta 'yan kwanaki.

Ko kalmar “jirgi” ma tana da labari. A da Bahaushe abin shiga ruwa kawai yake kira jirgi. Da wannan ƙaton ƙarfe mai hayaƙi ya zo, sai aka ce jirgin ƙasa. Da wani ya sauko daga sama a Kano a 1925, sai aka ce jirgin sama. Haka ma “tasha” da “reluwe” kalmomin aro ne da suka shigo tare da dogo.

Su wa suka yi aikin?

Littattafai sukan ambaci sunan gwamna da injiniya, amma ba su ne suka riƙe diga da shebur ba. Talakawa ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauki kwandunan tsakuwa a ka, suka jera ƙarafa a cikin rana. Da yawansu ba da son ransu suka je ba. Turawa sukan umarci sarakuna, sarakuna su umarci hakimai da dagatai, kowane gari ya ba da adadin mutanen da aka yanka masa. Wannan shi ne aikin tilas. Mutum yakan bar gonarsa da iyalinsa ya tafi na wani lokaci.

An riƙa biyan leburori da kuɗin ƙarfe na Turawa, kuma wannan yana cikin abin da ya yaɗa sule da kobo a ƙauyuka, wuri ya fara ɓacewa. Haraji ma ya koma sai da sabon kuɗin. Duk wanda yake son ya biya haraji, dole ya nemi abin da zai sayar. Ku riƙe wannan, domin zai taimaka wajen gane abin da ya biyo baya.

An zo neman auduga, aka tarar da gyaɗa

Babban abin da ya sa aka kashe kuɗi a kan dogon Kano shi ne auduga. Masaƙun Ingila suna buƙatarta, kuma Turawa sun ga ƙasar Kano da Zazzau da Katsina ana noma ta. Sun ɗauka da zarar jirgi ya zo, auduga za ta riƙa kwarara zuwa teku. Abin bai tafi haka ba a Kano. Masaƙa da marinan gida suna sayen auduga da daraja fiye da yadda kamfanonin Turawa suke tayawa, don haka manomi bai ga dalilin kai musu ba.

Gyaɗa ce ta ba kowa mamaki. A Turai ana neman manta domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Manomin Kano kuwa ya yi lissafinsa: gyaɗa tana son ƙasar jigawa irin tamu, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, kuma ko kasuwa ta faɗi ba a yi asara duka ba, tunda ana cinta. Auduga fa? Ba a tuƙa tuwo da ita. Fataken Kano da suka saba da cinikin goro suka shiga ƙauyuka suna ba manoma gishiri da tufafi da kuɗi tun kafin kaka, da sharaɗin a kawo musu gyaɗa. A 1911 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000.

Cikin waɗannan 'yan kasuwa wanda ya fi suna shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955. Ya yi cinikin goro, yana ɗauko shi ta jirgin ruwa daga ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Legas, daga nan jirgin ƙasa ya kawo Kano. Daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa. Sunansa yana tafiya tare da dalar gyaɗa, wato buhunan da ake jerawa su yi tsiri kamar dutse, irin waɗanda aka yi a wajen Ƙofar Mazugal. Mu da muke ganin hotonta muna ɗauka ado ne. A gaskiya dala layin jira ce. Gyaɗar da ake kawowa da kaka ta fi ƙarfin taragan da ke akwai, shi ya sa ake tara ta, a lulluɓe da tamfol, har jirgi ya samu damar kwashewa.

Abin da Alhaji ya gaya mini

Dogo bai biyo ta Karaye ko Rogo ba. Tsakanin Zariya da Kano ya bi ta ƙananan tashoshi irin su Likoro da Gimi da Ɗangora da Yako da Kwankwaso da Madobi da Challawa. Ɗangora da Yako suna ƙasar Kiru, maƙwabtanmu. Don haka na je wurin kakana, wanda muke kira Alhaji, na same shi a zaure bayan sallar la'asar.

Na ce, “Alhaji, wai da gaske gyaɗarku ta je Ingila?”

Ya yi dariya ya ce, “Amarya, yau kuma tarihi kika zo nema, ba kuɗin cefane ba? Ai gyaɗarmu ta riga ki zuwa Turai.”

Ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin yadda suke ɗaure buhuna a kan jakuna tun da asuba, su haɗu da mutanen wasu ƙauyuka, su nufi bakin tasha inda masu awo suke da sikeli. A zamaninsa shi kuma motocin lodi ne suke zuwa kasuwa su kwasa. Idan an sayar, a biya haraji, a sayo gishiri da kananzir da atamfa, wanda ya samu da yawa ya sayi keke ko ya yi aure. Na tambaye shi wa yake yanke farashi. Sai ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Mu dai namu noma da kaiwa. Abin da mai sikeli ya faɗa, shi ke nan.”

Wannan amsa ta fi komai taɓa ni. Manomi ya yi wahala tun daga shuka har tsinka da ɓara, amma ba shi da baki a kan farashi. Daga baya ma hukumar sayen amfanin gona ce take yankewa, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin domin ayyukan gwamnati. Da irin wannan kuɗi aka yi makarantu da hanyoyi da asibitoci da yawa a Arewa. Ke nan akwai gumin kakanninmu a cikinsu.

Garin da ya tsiro a bakin tasha

An gina tashar Kano a wajen ganuwa, ta gabas da birni, kusa da Fagge. Kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa kantuna da rumbunan ajiya a kusa da ita domin sauƙin lodi. Kwarori, wato mutanen Siriya da Labanan, suka zo suka buɗe shaguna. Ma'aikatan reluwe da akawu da masu sana'a daga kudu suka zo, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Idan kun lura, duk wuraren da ake tururuwar ciniki a Kano yau, yawancinsu a wannan ɓangare suke. Tasha ce ta ja su can.

Dogo bai tsaya a Kano ba. An ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. An haɗa Arewa da wata tashar teku ta biyu, wato Fatakwal, ta hanyar Inugu inda ake haƙo kwal ɗin da jirgin ke ƙonawa. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a 1964 kuma layi ya isa Maiduguri.

Sai dai kowane samu da nasa rashi. Jirgin da ya tafi da gyaɗa da fatu, shi ne ya dawo da yadin masaƙun Ingila mai araha, wanda ya rage wa masaƙanmu kasuwa. Ayarin hamada ya yi ta raguwa. Ku duba taswirar dogon Najeriya da ke cikin littafi: layukan duk daga arewa suke gangarawa zuwa teku. An tsara su ne domin fitar da ɗanyen kaya. Ba a yi su don mutumin Sakkwato ya kai wa mutumin Borno ziyara ba.

Me ya sa jirgi ya ja baya?

Dalilan suna da yawa. An yi farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970, sannan a 1975 cutar da kwarin darɓa ke yaɗawa ta lalata gyaɗa. Man fetur ya zama abin da ƙasa ta dogara da shi, aka rage kula da noma. An gina manyan tituna, tireloli suka ƙwace dakon kaya, domin mota tana zuwa har bakin kasuwa. Shi kuma dogo ya tsufa ba a sabunta shi ba. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, ga lanƙwasa da yawa, don haka jirgi ba ya iya gudu sosai. A hankali dalar gyaɗa ta ɓace, ƙananan tashoshi suka yi tsit.

A ƙarshen 2012 an gyara tsohon layin, jirgin fasinja ya dawo tsakanin Legas da Kano, tafiyar kimanin awa 30. A 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna. A 2021 kuma aka buɗe na Legas zuwa Ibadan, aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jamhuriyar Nijar ba ta da bakin teku ko kaɗan, shi ya sa wannan layi yake da muhimmanci ga 'yan'uwanmu na can.

Tambayar da ta rage mana

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Na waiwaya, ga kuma abin da na gani. Tasha ƙofa ce, kuma ƙofa ba ta zaɓar abin da zai fita ko ya shigo. A zamanin kakanninmu ɗanyar gyaɗa ce ta fita, sabulun da aka yi da manta ya dawo mana da tsada. Idan sabon dogo ya iso, me za mu ɗora masa?

Muna da rake da masara a Rogo. Muna da madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, inda ake kamun kifi da noman rani. Iyayenmu mata sun iya matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, wasu kuma suna yin mazarƙwaila. Idan muka yi karatu har muka iya sarrafa waɗannan abubuwa a nan gida, muka zuba su a mazubi mai tsabta, muka iya lissafin farashi da kanmu, to abin da zai fita ta wannan ƙofa zai fi na da daraja, kuma ribar za ta fi zama a wurinmu. Idan kuwa muka yi wasa da darasin lissafi da kimiyya da aikin gona, to za mu sake tsayawa gaban mai sikeli muna jiran abin da zai faɗa.

Akwai kuma abin da za mu iya yi tun yanzu. Mukan ji a rediyo an kama masu kwance ƙarafan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan. Wanda ya cire ƙarfe ɗaya yana iya jawo jirgi ya kauce da ɗaruruwan mutane a ciki. Kada mu yi, kada mu saya, kada mu yi shiru idan mun gani. Wanda kuma ya je garin da dogo ya ratsa, kada ya zauna a kan layi ko ya tsallaka ba tare da ya duba hagu da dama ba, domin jirgi ba ya tsayawa nan take kamar babur.

Shekarun da ya kamata a haddace

1901: dogon Legas ya isa Ibadan.
1903: Turawa sun ci Kano.
1907: an amince da aikin layin Baro zuwa Kano.
1911: dogo ya iso Kano.
1912: an buɗe layin ga jama'a.
1930: reshen Nguru.
1955: kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.
2021: ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi.

Gwada kanka

1. Me ya sa aka fara layin Kano daga Baro, kuma me ya sa Baro ta koma baya?
2. Kawo dalilai uku da suka sa manomin Kano ya fifita gyaɗa a kan auduga.
3. Idan jirgi ya yi kilomita 1,126 cikin awa 30, kimanin kilomita nawa yake yi a awa ɗaya?
4. Ambaci tashoshi biyu da ke ƙasar Kiru.
5. Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku abin da suka sani game da jirgin ƙasa ko cinikin gyaɗa, ka rubuta a takarda.

Duk wanda ya amsa, ya miƙa takardarsa ga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta kafin ranar Alhamis. Amsar tambaya ta biyar da ta fi kyau za mu liƙa ta a wannan allo a fitowa ta gaba. Ku hanzarta tambayar tsofaffinku tun suna tare da mu, Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.